Harafin Farko: Daga Zauren Ishiriniya Zuwa Ɗakin Karaoke

Wata rana da daddare muna zaune a ɗakin kwanan ɗalibai, sai wani abokina ya miƙo mini wayarsa, ya ce in dubi wani wasa da samarin Japan suke yi. Ɗaya zai rera waƙa, sai na biye da shi ya kawo wata wadda sunanta ya fara da sautin da sunan ta farkon ya ƙare da shi, haka dai har wani ya kasa. Abokin nan nawa ya ce, "Ka ga mutanen da suka san darajar waƙoƙinsu. Mu ina muka taɓa samun irin wannan?" A daren ban ce masa kome ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ta tuna mini da garinmu Dodoru, cikin ƙasar Gwandu, inda tun ina yaro nake jin dattawa suna kiran waƙa da harafinta. Wannan ɗan rubutu shi ne amsar da yake bina.

Yadda abin yake a Japan

Bari mu fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Wasan sunansa shiritori, watau kama ƙarshen magana. A rubutun Japanawa da ake kira kana, kusan kowane harafi gaɓa ce sukutum, kamar ka, ko mi, ko to. Saboda haka in an ce a fara da abin da aka ƙare da shi, gaɓa ake nufi. Wanda ya kawo kalmar da ta ƙare da sautin "n" ya faɗi, don babu kalmarsu ta asali da take farawa da shi. Shi kuwa karaoke, watau rera waƙa bisa kiɗan da na'ura take sakarwa, ya fara bunƙasa ne a birnin Kobe wajen 1971, kuma wani makaɗi, Daisuke Inoue, yana cikin waɗanda suka fara haɗa na'urar. Kundayen waƙoƙin da a da ake ajiye wa masu zuwa ɗakin karaoke bisa jerin sauti aka tsara su: a, i, u, e, o, sa'an nan ka, ki, ku, ke, ko, har ƙarshe.

Al'adar ta girmi na'ura nesa ba kusa ba. Wani mawaƙinsu, Fujiwara no Teika, wanda ya rasu a 1241, ya tara waƙoƙi 100 na mawaƙa 100. Daga baya aka mai da su wasan kati, inda mai karatu yake fara jan waƙa, 'yan wasa kuma su yi rige-rigen taɓa katin da yake ɗauke da ƙarshenta. Bakwai daga cikin waƙoƙin nan, da jin gaɓar farko gwani ya gane su. Indiyawa ma suna da nasu, antakshari, wanda masu kallon finafinansu suka gani cikin Maine Pyar Kiya na 1989. Larabawa kuwa musajala suke cewa, mutum ya kawo baiti, abokin karawarsa ya kawo wani mai farawa da harafin ƙafiyarsa.

Abin da muka gada

To, mu komo gida. A daidai zamanin da Teika yake raye, akwai wani malami mutumin Andalus, Abdurrahman Alfazazi, wanda ya rasu a 1230. Shi ne ya wallafa waƙoƙin yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda muka sani da sunan Ishiriniya. Tsarinta abin mamaki ne. Ƙasidu 29 ne, kowace tana da harafinta, kowace kuma baiti 20, shi ya sa aka ce mata Ishiriniya. Jimla baiti 580 ke nan. Cikin kowace ƙasida, kowane baiti da harafinta yake farawa, da shi kuma yake ƙarewa. Ka ga ashe ƙarshen kowane baiti yana miƙa wa farkon na gabansa hannu, kamar dai yadda ake yi a wasan da abokina yake yabo.

Dalilin da ya sa da yawa daga cikinmu ba su lura da wannan ba shi ne, abin da muke rerawa tahamisi ne. Wani malami, Ibnu Muhibu, ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti, sai harafin Alfazazi ya koma farkon ɗango na huɗu. Mai shakka ya ɗauko littafin ya bi da yatsa, zai gani.

Littafin nan ya daɗe a ƙasar Hausa. Waliyyin Katsina, Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi masa sharhi mai suna Nafhatul Anbariyya. Amma mu mutanen Gwandu muna da shaida mafi kusa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, wanda ya rasu a 1829 kuma kabarinsa yake Gwandu, ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta cikin Ida'un Nusukhi. A ciki ya nuna cewa yana ɗan shekara 13 mahaifinsu ya danƙa shi ga wansa, Shehu Usmanu, kuma cikin abubuwan da ya fara karantawa a wurinsa akwai Ishiriniya da Wituriyya, wadda ita ma bisa jerin haruffa aka gina ta. Watau mutumin da ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Larabci na wannan ƙasa, da waƙoƙin da aka jera harafi bayan harafi aka buɗe masa kunne.

Gidan bai tsaya ga karantawa kawai ba. Wajen 1822, lokacin da abokan gaba suka matsa wa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi waƙa da Larabci, ya ɗauki haruffan aya ta biyar ta Suratul Inshirahi, mai bushara da sauƙi tare da tsanani, ya fara kowane baiti da harafi ɗaya bi da bi. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta mayar masa da tata cikin Fillanci, baiti 14 daidai da adadin haruffan ayar. Duk wanda ya san ayar, ya riga ya riƙe mabuɗin kowane baiti. A zamanin da takarda take da tsada, littafi kuma sai an kwafa da hannu, wannan dabara ita ce take tsare waƙa daga ɓacewa ko rikicewa a bakin masu hadda.

Wannan gadon ne na tarar a Dodoru. In watan Mauludi ya kama, bayan sallar lisha a shimfiɗa tabarmi, jagora ya ce yau harafin dal za a ɗauka, sai ka ji zaure ya kama baki ɗaya. Akwai tsofaffin da ba su buɗe littafi, sunan harafin ya ishe su.

Inda gizo yake saƙa

Sai dai fa in za a faɗi gaskiya, abokina yana da tasa hujjar. Misalan da na kawo na Larabci ne da Fillanci. Me ya sa musajala ba ta zauna cikin waƙar Hausa ba? A ganina harshen ne da kansa. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, ga shi kuwa wasulanmu biyar ne. In aka ce a bi harafin ƙarshe a boko, ba za a fita daga a, e, i, o, u ba, nan da nan wasan zai mutu. Amma in aka bi gaɓa, kamar yadda Japanawa suke yi, sai hanya ta buɗe: kifi, fitila, laya, yaro, rogo, goro. Ko kuwa gida, dare, rema, masara, rana, nama. Har ma muna da kalmomin da za su kashe wasa, irin su malam da mutum da takwas, masu ƙarewa da baƙi. Ashe ta wannan fuska ginin Hausa ya fi kusa da na Japananci bisa ga na Larabci.

Wasan kalmomi mai sauƙi ne. Na waƙoƙi kuwa sai da hadda, sai kuma da fihirisa, a nan ne aikin yake jiranmu. Ɗalibin da ya ji baiti guda na Imfirajin Aliyu Namangi, ko na Aƙilu Aliyu, ko wata ɗiyar waƙa ta Narambaɗa ko Mamman Shata, in yana son ya san inda ta fito, yawanci sai ya yi ta yawon tambaya. Malamin da yake tambaya kuma ba zai dawwama ba.

Don haka ina ba wannan ƙungiya tamu shawara biyu. Ta farko, kowane ɗalibi ya ɗauki mawaƙi ɗaya, ya jera baitocinsa bisa gaɓar farko, a tara a wuri guda, aji na gaba ya ɗora. Ta biyu, a ranar bikin Makon Hausa a ware sa'a guda, aji da aji su kara, wannan ya kawo baiti, wancan ya ɗauka daga gaɓar ƙarshe, malamanmu su zauna su yi alƙalanci, su kuma yanke mana ko da da ɗa gaɓa ɗaya ce a wasa. Abokina ya ce zai zo. Na ce masa ya fara hadda tun yanzu, don ni daga zauren Dodoru na fito.

Haza wasalam.