Kwazazzabon Gonar Kakana da Aikin Jami'a

A gefen gonar kakana da ke ƙasar Faskari akwai wani kwazazzabo. Mahaifina ya ce lokacin ƙuruciyarsa da tsalle ɗaya ake ƙetare shi, amma yau sai amalanke ta yi zagaye. Shi ya sa bayan na kammala digirina na shiga bin tarihin binciken zaizayar ƙasa a Arewa.

A shekarar 1935 wani Bature masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara na tunkaro Arewacin Najeriya. Hankalin hukuma ya tashi, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa wanda ya zaga kan iyakar Najeriya da Nijar a 1936 da 1937. Kwamitin bai tarar da rairayi na tattaki ba. Abin da ya gani shi ne ƙasa na lalacewa a inda take, saboda sare itatuwa da faɗaɗa gonaki. Wannan ita ce gaskiyar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa har yau, domin ruwan sama bai ƙaurace mana kamar Daura ba. Shi ne ma yake kwashe ƙasar da aka tsiraita.

Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A cikin shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa suka zauna da manoman ƙauyukan Zariya, suka tabbatar cewa haɗa dawa da gero da wake a kunya ɗaya, abin da ake yi wa kallon duhun kai, dabara ce mai riba da ke rage asara. A ganina nan ne jami'a ta fi yin amfani, ranar da ta durƙusa a gona ta saurara.

Bayan farin 1972 zuwa 1974, Bankin Duniya ya tallafa wa shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda ya haɗa da Faskari da Ƙanƙara. Takin zamani da ingantaccen irin masara suka cika rumbuna. Sai dai an tumɓuke itatuwa domin garmar shanu ta wuce, gona ta daina hutu, ƙasa ta rasa abin riƙe ta.

Yau jiharmu na da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tun 2006 da ta Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011. Suna da hotunan tauraron ɗan adam da ke nuna yadda daji ke raguwa. Amma 'yan bindiga sun mamaye dazukan yankin, manomi na tsoron gonarsa, balle baƙo mai awon ƙasa. Hoto kuwa ba ya faɗin dalilin da ya sa kakana bai taɓa sare gawo ba, itacen da ke zubar da ganye da damina ya takince shuka.

Hanyar da ta rage ita ce jami'a ta horar da 'ya'yan waɗannan garuruwa su zame mata ido. Ni dai na fara. Duk kaka ina auna faɗin kwazazzabon da igiya in rubuta, na kuma dasa jema da gamba a bakinsa. Littafin awon yana nan, yana jiran malamin da zai karanta.