Kaɗanya, Zaitun Ƙasarmu

Bahaushe ya san sunan zaitun tun kafin ya ga itaciyarsa. Kalmar ta zo masa ne daga Larabci ta hanyar karatu, kasancewar Alƙur'ani mai girma ya ambace shi a wurare da dama. Sai dai itaciyar ta gaɓar Bahar Rum ce, tana buƙatar sanyin hunturu irin na can kafin ta yi fure, saboda haka ba ta zama abin nomawa a nan ba. A kwalba muka san man zaitun, cikin tsarabar alhazai. Amma aikin da ya yi wa Larabawa da Girkawa, wato girki da fitila da shafawa da magani, a wajenmu kaɗanya ce ta yi shi.

Wannan ba zancen jiya ba ne. Binciken da masu tonon kayan tarihi suka yi a Kirikongo ta ƙasar Burkina Faso ya nuna cewa tun wajajen shekara ta 100 Miladiyya mutanen wurin ke sarrafa ƙwallon kaɗanya. Haka kuma a 1352, da Ibn Baɗɗuɗa ya nufi daular Mali, ya tarar da wani ɗan itace da ake tatsar mai daga ƙwallonsa, ana girki da shi, ana kunna fitila, har ma a cuɗa shi da ƙasa a yi wa ɗakuna yaɓe. Masana sun tafi a kan cewa kaɗanya yake nufi.

Wanda ya fara haɗa itatuwan biyu a zance guda, watakila, shi ne Mungo Park. A 1796 ya ga kaɗanya a kusa da Segu, kuma a littafinsa na 1799 ya kamanta 'ya'yanta da zaitun ƙasar Sifen. Ya ce manta kan shekara bai lalace ba ko da babu gishiri, kuma ya fi masa man shanu daɗi. Wannan yabo ne ya sa masana tsirrai suka daɗe suna liƙa sunansa a jikin sunan itaciyar na kimiyya. Abin mamaki, ajalinsa a ƙasar kaɗanya yake: a Busa ya halaka a 1806, garin da tafkin Kainji ya shanye a 1968, cikin Jihar Neja ta yau.

Jihar nan ita ce kan gaba wajen kaɗanya a Nijeriya, har akwai tashar bincike a kanta a Bida. Matan Nufawa da na Gbagyi da na Hausawa su ke tsintar ta da damina, su dafa, su shanya, su daka, su soya, su tsame mai. Darajarta ta ƙaru bayan shekara ta 2000, lokacin da Tarayyar Turai ta yarda a sa manta da ire-irensa a cikin cakulan, har kashi 5 cikin 100. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon zuwa waje na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida.

A ganina, wannan mataki ya bar babbar matsalar a baya. Zaitun dasa shi ake yi, a gaje shi kamar gona. Kaɗanya kuwa mafi yawanta da kanta take tsirowa, manomi ya bar ta a gona in ya ga dama. Takan kai shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ga shi kuma masu gawayi sun fi son iccenta saboda ƙarfinsa. Duk wanda ya bi hanyar Minna zuwa Bida zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran mota.