Shehin Ƙadiriyya da Tubalin Haikalin Zinare

Abin da akasarinmu muka sani game da mabiya addinin Sikh, mu da muka tashi a Darki da sauran garuruwan ƙasar Wudil, bai wuce abin da finafinan Indiya suka nuna mana ba: ƙato mai gemu, da rawani naɗe tsaf, da munduwar ƙarfe a hannu, ana kiransa Singh. Wasu kan ɗauka Musulmi ne saboda rawanin, wasu su ce Hindu ne saboda ƙasarsa, alhali addininsa daban ne. Tun kafin zuwan fim, Hausawan da aka ɗauka soja a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙin Bama, tsakanin 1943 da 1945, a sahu ɗaya da sojojin Indiya, waɗanda 'yan Sikh ke da yawa a cikinsu. Sai dai akwai wata igiya da ta girmi wannan, wadda ta ratsa ta cikin Ƙadiriyya, ɗariƙar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Nasiru Kabara. Ita nake so in bi.

An haifi Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, a 1469 a ƙauyen Talwandi na yankin Panjab, wato a zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano. Kalmar guru na nufin malami, sikh kuwa almajiri. Ya yi kira ga kaɗaita Ubangiji, ya ƙi bautar gumaka, ya yi watsi da tsarin Hindu na fifita wani jinsin mutane a kan wani tun daga haihuwa. Abokin yawonsa na tsawon shekaru Musulmi ne, Mardana, mai kaɗa rababa, wani abin kiɗa mai tsirkiya. Ruwayoyin mabiyansa sun ce ya je Makka, ya kuma sauka a Bagadaza, birnin Sidi Abdulƙadir Jilani.

Malamai tara suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya. Na biyar a jerin, Guru Arjan, shi ya tattara littafinsu mai tsarki a 1604, kuma a nan ne abin mamakin yake. Littafin, wanda ake kira Guru Granth Sahib, mai shafi 1430 a bugun yau, bai tsaya kan waƙoƙin malaman Sikh kaɗai ba. A cikinsa akwai baitoci sama da ɗari da ake dangantawa da Baba Farid, shehin ɗariƙar Cishtiyya wanda ya rasu kimanin shekara 200 kafin haihuwar Nanak. Baitocin na tuna mutuwa ne da ƙarewar duniya, irin jigon da duk wanda ya saba da waƙoƙin wa'azi na ajami zai gane nan take. Har yau ɗan Sikh kan rusuna gaban littafin da ke ɗauke da kalaman wani sufi Musulmi.

Arjan ne kuma ya gina babban wurin ibadarsu a tsakiyar tafkin Amritsar, mai ƙofa huɗu ta fuskoki huɗu, alamar cewa ba a kore kowa ba. Shahararriyar ruwaya ta ce da aka tashi aza harsashi, wajen 1589, sai ya gayyato Miyan Mir daga Lahore, babban shehin Ƙadiriyya na yankin, ya ɗora tubalin farko. Masana tarihi sun lura cewa wannan labari ya bayyana ne a rubuce-rubucen baya-baya, kuma akwai ruwayar da ta ce Arjan da kansa ya aza. A ganina wannan bai rage wa labarin ƙima ba. Ko da a ce daga baya aka tsara shi, tambayar ita ce: me ya sa al'ummar da ta sha wuya a hannun sarakuna Musulmi ta zaɓi ta riƙe cewa hannun waliyyi Musulmi ne a gindin ɗakinta mafi daraja?

Wuya kam sun sha ta. A 1606 Sarki Jahangir na daular Mughal ya sa aka kashe Arjan a Lahore, bisa zargin ya sa wa ɗansa Khusrau albarka lokacin da ya yi masa tawaye. Jahangir ɗin nan shi ne ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa ya gana da Miyan Mir, ya ga tsoron Allahnsa, ya rasa abin duniya da zai ba shi, sai buzun farar barewa na salla. Jikansa Dara Shikoh ya shiga Ƙadiriyya a hannun almajirin Miyan Mir, ya yi rubutu kan waliyyai, ya nemi fahimtar addinan talakawansa. Ƙanensa Aurangzeb ya kayar da shi a rikicin gadon sarauta, ya kashe shi a 1659. A zamanin Aurangzeb aka fille kan malami na tara, Guru Tegh Bahadur, a Delhi, a 1675.

Daga nan almajirai suka zama mayaƙa. Ɗan wanda aka kashe, Guru Gobind Singh, ya kafa ƙungiyar Khalsa a 1699, ya ɗora wa 'ya'yanta barin gashi ba aski, da riƙe mataji, da munduwa, da gajeren wando, da wuƙa. Maza suka ɗauki sunan Singh, wato zaki, mata kuma Kaur. Rawanin da muke gani a fim, ashe, shaidar mutanen da suka ƙudurta ba za su sake ɓuya ba ne. Gwamnan Sirhind ya kashe ƙananan 'ya'yan Gobind Singh biyu. Wanda ya tashi ya ce wannan zalunci ne Musulmi ne, Sher Muhammad Khan, sarkin Malerkotla. Kafin rasuwarsa a 1708, Gobind Singh ya rufe jerin malamai, ya ce littafin ne malami daga ranar.

Da mulki ya dawo hannunsu, su ma ba su fita tsaf ba. Ranjit Singh, wanda ya kama Lahore a 1799, shekara biyar kafin hijirar Shehu zuwa Gudu, shi ya lulluɓe haikalin Amritsar da zinare, kuma Musulmi ne, Fakir Azizuddin, ke riƙe masa harkokin waje. Amma a zamaninsa aka mayar da babban masallacin Badshahi ma'ajiyar makamai da wurin ɗaure dawaki. Turawan Ingila suka haɗiye daularsa a 1849, kamar yadda suka ci Kano a 1903.

Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta tsaga Panjab gida biyu, aka yi kashe-kashen da suka ci dubban ɗaruruwan rayuka, ko da yake Malerkotla ta tsira, kuma mutanen wurin na danganta haka da maganar sarkinsu na dā. Mahaifar Nanak ta faɗa cikin Pakistan, haka ma Kartarpur inda ya rasu a 1539. Sama da shekara 70 'yan Sikh na Indiya suna tsayawa bakin iyaka suna hango farar ƙubbar Kartarpur daga nesa, sai a Nuwamban 2019 aka buɗe musu hanyar ziyara ba biza. A harabar wurin akwai alamu biyu na Nanak: ɗaya inda aka ce mabiyansa Hindu sun ƙona rabonsu na mayafinsa, ɗaya kuma kabari, inda aka ce Musulmi sun binne nasu.