Waƙar gwaji: ina demo yake zuwa bayan ya bar hannun yaro?

Da yawa daga cikinmu mazauna Agege, Sabon Ibadan, Shagamu ko Fatakwal mun taɓa samun irin wannan saƙo daga gida. Ƙane ko ɗan 'yar'uwa ya turo murya ta WhatsApp yana rera waƙa, a ƙarshe ya ce, "Yaya, a taimaka da kuɗin situdiyo, an ce in na kai demo za a ɗauke ni." Wani ya tura kuɗin, wani ya ce shiririta ce. To kafin a yi ko wanne, yana da kyau a san yadda harkar take, domin abin da yaro ya fi yin asara a nan ba kuɗin ba ne, waƙar ce kanta.

Mene ne demo?

Demo shi ne waƙar gwaji, wato ɗaukar farko da mawaƙi yake yi don a ji muryarsa da karinsa da baitocinsa kafin a kashe kuɗi a kan aikin gaske. Yana iya zama murya zalla da aka ɗauka da waya, yana iya zama da ɗan kiɗan fiyano a ƙasa. Ba don kasuwa ake yin sa ba, don kunnen mutum ɗaya ne ko biyu: makaɗi, mai situdiyo, furodusan fim ko babban mawaƙi.

A da babu wannan. Wanda yake son waƙa bin ubangida yake yi, ya yi shekaru cikin 'yan amshi kafin a ji muryarsa ita kaɗai. Kamfanonin faifai irin su EMI kuwa waɗanda suka riga suka yi suna suke nema, irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos. Abin ya sauya ne wajen shekarar 2000, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, waƙoƙin fim irin na Sangaya suka karɓu. Daga nan mutum ɗaya da fiyano ɗaya ya wadatar, ƙofa ta buɗe wa kowa.

Wane ne "kamfanin"?

A Legas in an ce kamfanin waƙa, ana nufin irin su Mavin ko YBNL, masu lauyoyi da ma'aikatan da aikinsu ke nan neman sababbin muryoyi. A Arewa kuwa mafi yawan abin da ake kira kamfani bai wuce ɗaki biyu ba: ɗaya na makaɗi da kwamfuta, ɗaya na ɗaukar murya. Sau da yawa wani mawaƙi ne da ya yi suna ya buɗe, kamar Taskar Ala ta Aminu Ala a Kano, ko White House Family ta Adam A. Zango a Kaduna. Akwai kuma tafiyar abokai, irin Yaran North Side ta su DJ AB a Kaduna. Ƙasa da waɗannan akwai ƙanana birjik a titin Gidan Zoo da sauran unguwannin Kano, da Jos, da Bauchi, har da garuruwa irin Azare.

Abin lura shi ne, ƙaramin situdiyo da kuɗin aiki yake rayuwa: waƙar biki, ta siyasa, ta talla, da ƙasidun sha'irai. Saboda haka idan sabon yaro ya shigo, a idon mai wurin kwastoma ne tukuna, kafin ya zama wanda za a zuba wa jari.

Hanyar da demo yake bi

Mu ɗauki misalin yaro a Udubo, cikin ƙaramar hukumar Gamawa a ƙasar Katagum. Ya rubuta baitocinsa a littafin makaranta, ya rera a waya, abokai sun ce ya iya. Zangon farko Azare ne, inda zai biya makaɗi ya ɗora masa kiɗa. In ya ga abin ya yi, sai ya hau motar Kano ta Jama'are da Wudil, ko kuma ya nemi lambar wani ya tura ta WhatsApp.

A nan ne da yawa suke yaudarar kansu. Wayar mai situdiyo cike take da irin waɗannan saƙonni, kuma ba shi da wani ma'aikaci da zai zauna ya saurara. Wanda aka fi buɗewa shi ne wanda ya zo ta hannun sananne: makaɗin Azare da ya taɓa aiki da na Kano, ko yaron gidan, ko wani abokin oga. Shirun da ake yi wa yaro ba lallai raini ba ne, galibi ba a ma buɗe saƙon ba.

Me ake saurara?

Idan an buɗe, ba a cika kai wa ƙarshe ba. Daga amshi da baitin farko an gama yanke hukunci. Ana duba ko murya tana zama a kan kiɗa ko tana zamewa. Ana duba amshi, shin zai maƙale a bakin mutum bayan ji ɗaya? Ana duba amsa-amo da ma'ana, domin mai sauraron Hausa ba ya yafe baitin da aka cusa don ƙafiya kawai. Sai kuma babbar tambaya: muryar tasa ce ko aro ce? Masu kwaikwayon Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef da Hamisu Breaker sun yi yawa, kuma ba mai zuba kuɗi a kan kwafi alhali na asali yana raye.

Yanzu an ƙara da wani ma'auni. Tun da Jaruma ta Hamisu Breaker ta zagaye wayoyi a 2020, lokacin kullen korona, kowa ya gane cewa waya ce kasuwa. Don haka za a leƙa TikTok ɗin yaro, a ga ko akwai masu bin sa.

Amsoshin da ake samu

Ta farko, "Ka yi ƙoƙari, kawo kuɗi mu yi maka." Wannan ba ɗauka ba ce, ciniki ne, kuma ba laifi in dai yaro ya san haka.

Ta biyu, "Zauna da mu." Wato ya zama yaron gida, ya yi amshi, ya yi aike, ya koyi aiki, a riƙa ba shi lokacin da situdiyo ba kowa. Tsohon tsarin ubangida ne a sabuwar riga. Da yawa ta nan suka taso, wasu kuma sun tsufa suna jiran layi.

Ta uku, "Sayar mana." An so waƙar, ba a so muryar ba. Sai a ba shi wani abu, wani ya hau, ko a sa ta a fim jarumi ya yi mamin. In an yi haka da yardarsa, da sunansa a matsayin marubuci, sana'a ce mai kyau.

Ta huɗu ita ce mai zafi: a yi shiru, bayan wata biyu ya ji karinsa a bakin wani da wasu kalmomi. Ba kowa ke yin haka ba, amma kuka ne da aka saba ji a harkar, kuma mai kukan yawanci ba shi da wata shaida.

Wa ke da waƙar?

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai waƙa haƙƙinsa tun daga lokacin da ya rubuta ta ko ya ɗauke ta. Ba sai ya yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana da tsarin ajiye bayanin aiki ta intanet, wanda yake zama hujja. Dokar ta kuma ce mallaka wa wani haƙƙin waƙa ba ya tabbata sai a rubuce. Tura demo ba sayarwa ba ne.

Sai dai a bambance abu biyu. Akwai waƙar, wato baitoci da kari. Akwai kuma ɗaukar da aka yi a situdiyo. Mutum zai iya mallakar ta farko, ta biyu kuma ta zama abin jayayya tsakaninsa da wanda ya ɗauki nauyin aikin. Da can ba a damu ba, tunda 'yan dawunlodin ne suke tura waƙa a memori, mawaƙi kuma a biki yake samun nasa. Yanzu da YouTube, Audiomack da Boomplay suka shigo, wanda aka ɗora waƙa a tasharsa shi kuɗi ke bi. YouTube kan buɗe ƙofar kuɗin talla ne ga tashar da ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, shi ya sa ake ce wa yaro, "Bari mu sa a tamu." Shawarar ba ta da aibu, amma a faɗi kason kowa tun kafin a ɗora.

Wanda zai yi aiki a Kano kuma ya sani cewa hukumar tace fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido a kan waƙoƙi da situdiyoyi, tana kuma neman masu harkar su yi rajista.

Kafin a tura, kafin a biya

Yaro ya ajiye littafin baitocinsa da ɗaukar farko ta waya, ya tura wa kansa ta imel ko ga wani amintacce don kwanan wata ya zauna. Ya tura waƙa ɗaya wadda ya fi yarda da ita, amshi da baiti ɗaya ko biyu, kada ya juye duk abin da yake da shi. Ya rubuta sunansa da garinsu da abin da yake nema a layi biyu. In ya biya kuɗin aiki, ya karɓi rasit da cikakken kwafin waƙarsa, har da kiɗan zalla.

Kai kuma yaya da ke Kudu, kafin ka tura kuɗi ka yi tambaya uku: kuɗin me ne, waƙar za ta zama ta wa, a tashar wa za a ɗora? Duk wanda ya ce a biya shi kafin ya saurari demo, ko a sayi fom ɗin shiga kamfani, a yi hattara da shi. Mai son murya da gaske shi yake kashe mata kuɗi. In kuma an kai ga yarjejeniya, ko da rabin takarda ce a rubuta da Hausa, a sa hannu gaban shaidu biyu. Ba rashin yarda ba ne, yau ana ɗasawa, amma ranar da waƙa ta fashe ita takardar ce za ta tsare zumuncin.