Garin da Titanic ya bar wa marayu

Da jirgin yawon buɗe idonmu ya tsaya a Southampton, kudancin Ingila, na bar abokan tafiya suna cin kasuwa, na nufi gidan tarihi na SeaCity. Daga wannan tasha Titanic ya tashi ranar 10 ga Afrilu 1912, ya nutse ranar 15. Labarin attajiran cikinsa aka fi ji. Amma mutanen garin nan fiye da 500 suka halaka, galibinsu ma'aikatan jirgin: masu zuba kwal da masu hidimar fasinja. A daɓen wani ɗaki na taka taswirar garin, kowane jan ɗigo gida ne da ya yi rashi. Malamai da iyaye, in muna koya wa yara tarihi, mu faɗa masu wa ya zuba kwal ɗin, su wa ya bari a gida.