Kan Sarki a Bayan Sule

Dattawan Agege da suka yi fataucin goro, da dillalan shanun Oko-Oba waɗanda suka riski zamanin fam da sule, duk sun san wannan kai da ya juya gefe, ido ɗaya, hanci a miƙe, wanda ke jikin sulen da Turawa suka fara bugawa a 1913 da surar Sarki Joji na Biyar, bishiyar kwakwa kuma a ɗaya fuskar. Kwabo mai huji shi kam ba a sa masa kan kowa ba.

Wannan fanni na zana mutum ta gefe ya yi tashe ƙwarai a farkon ƙarni na 19. Wani Bafaranshe, Chrétien, shi ya ƙago na'urar da ke bin iyakar fuska daga goshi har haɓa. Sa'an nan Saint-Mémin, wanda juyin juya halin Faransa ya kora zuwa Amurka, ya mai da ita sana'a daga 1796 zuwa wajen 1810. Sai ya zaunar da mutum ya zana shi daidai girmansa, ya rage surar har ta shiga da'ira mai faɗin kimanin inci biyu, ya karce ta a kan tagulla, ya buga kofe goma sha biyu domin a raba wa dangi da abokai. Shugaban Amurka Jefferson ma ya zauna masa a 1804. Da hoton kyamara ya bayyana a 1839, kasuwar ta mutu.

A daidai shekarun da Saint-Mémin ke wannan sana'a, Shehu Usmanu da jama'arsa suna cikin jihadi, malamai kuwa ba su yarda da suranta mai rai ba, saboda haka ba mu gāji surar Shehu ko ta Muhammadu Bello ba, sai littattafansu, kuma a ganina ba mu yi hasara ba. Amma abin mamaki, liyari mai kan Sarauniya Mariya Tereza, wanda har yau ake buga 1780 a jikinsa, ya ratso hamada ya shiga kasuwar Kurmi ta Kano, inda Bature matafiyi Barth ya tarar a 1851 ana canja shi da wuri 2,500. Ba mu ji attajiri ya ƙi karɓarsa ba, mata kuma suka huda shi suka rataya a wuya.