Kogin Kwara da Mutanen Ngaski

Ƙasar Ngaski tana kudu da Yelwa, cikin ƙasar Sarkin Yauri, a gaɓar gabas ta kogin Kwara. Babban garinta shi ne Wara. Mutanenta Kambari ne da Gungawa da Hausawa, da Sarkawa masunta. Tun zamanin kakanni abincinsu daga kogin nan yake fitowa, hasararsu kuma daga gare shi take zuwa.

Kwara ya bambanta da sauran gulabe, gama sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ana ce da ita farin ruwa. Ruwan daminar ƙasashen nan ne, wanda Gulbin Sakkwato da ƙoramu ke kawowa wajen watan Agusta da Satumba, gauraye da laka. Ta biyu kuwa baƙin ruwa ce. Wannan a duwatsun ƙasar Gini ake yinsa, ya gangaro ya malale cikin fadamun Masina a ƙasar Mali, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso Yauri da hunturu, sa'ad da ko ɗigon ruwa ba ya faɗowa daga sama. Baƙo ya ga kogi na tashi cikin ɗari sai ya yi mamaki, amma Gungawa sun san lokacinsa kamar yadda manomi ya san bazara. Dā a kan tsibirai suke zaune, suna noman albasa a bakin ruwa, sun kuma san inda duwatsu suke. Duwatsun nan ba abin wasa ba ne, a cikinsu Bature Mungo Park ya halaka kusa da Busa cikin 1806.

Cikin 1964 Gwamnati ta soma gina madatsar Kainji don samun wutar lantarki. Aka gama cikin 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon wajen mil 80. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibirai da gonaki da kaburbura duk suka shige ƙarƙashin ruwa. Aka tashi mutane wajen 44,000, aka gina musu sababbin garuruwa. An ba su gidaje dai, amma sanin kogi da suka gada ba abin da za a biya diyyarsa ba ne, don ruwan da suka sani ya riga ya sake kama.

Tafkin yana janyewa kowace shekara, ya bar ƙasa mai danshi da albarka. Manoma sai su bi shi da shuka. In farin ruwa ya zo da wuri ko ya zo da ƙarfi, sai ya tarad da shinkafa ba ta nuna ba, ya shanye ta. Cikin 2012 da 2020 an yi babbar ambaliya a Jihar Kebbi, gonakin shinkafa masu yawa suka salwanta, gidajen ƙasa suka rushe.

Amma abin da ya fi cin rayuka shi ne ƙetare. Dā mai kwalekwale yana hangen gaɓa, yanzu akwai wuraren da faɗin ruwa ya wuce mil goma, in iska ta taso sai raƙuman ruwa su yi ta dukan jirgi. Ga kuma kututturan itatuwan da tafki ya binne, suna nan tsaye a ƙarƙashi, ba a ganinsu sai ƙasan jirgi ya ji su. Jiragen kuwa na katako ne, yawancinsu sun tsufa, ran kasuwa akan loda musu mutane da buhuna da babura fiye da ƙarfinsu, don zagayawa ta tudu da nisa da tsada.

Ran 26 ga Mayu 1921 babu wanda zai yi mafarkin haka, amma ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi mai ɗauke da mutane fiye da 150, da mata da yara a cikinsu, ya tsage biyu a ruwa kusa da Wara. Waɗanda aka tsamo da rai wajen ashirin ne kawai. Masunta da masu nutso suka yi kwanaki suna neman sauran, ana kawo gawawwaki gaɓa, ana yi musu salla jama'a jama'a.